KASHI NA 9: Ƙauye a Ƙasar Faransa: Yanayin Ƙasa da Tsarin Mulki da Zaman Yau da Kullum a Saint-Véran

1.0 Gabatarwa

Da zarar an ambaci Faransa, abin da ke fara zuwa a zuciyar ɗalibi shi ne birnin Faris da dogayen gine-ginensa. Amma mafi yawan faɗin ƙasar karkara ce, mai ɗauke da dubban ƙauyuka na manoma da makiyaya. A wannan darasi za mu ɗauki ƙauye guda mu yi masa nazarin ƙwaƙwaf, wato Saint-Véran, wanda lafazin sunansa ya yi kusa da "San-Beran". Za mu duba inda yake, da yadda ake mulkinsa, da kuma yadda mutanensa ke neman abin sawa a baki. Tambayar da za ta yi mana jagora ita ce: me ya sa ƙauyen da mutanensa ba su kai 300 ba, wanda sanyi ke rufewa fiye da rabin shekara, bai zama kufai ba har yau?

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

i. bayyana yadda yanayin ƙasa ya tsara gini da sana'a a Saint-Véran;
ii. jero matakan mulki na Faransa tun daga ƙauye har zuwa gwamnatin ƙasa;
iii. fayyace ayyukan magajin gari da na majalisar ƙauye;
iv. rubuta bayanin wani ƙauye da ya sani bisa wannan tsari.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Muhalli da Yanayin Ƙasa

Saint-Véran yana kudu maso gabashin Faransa, a cikin jerin tsaunukan Alfas, a wani yanki da ake kira Queyras, dab da kan iyakar Italiya. An samo sunansa daga wani babban limamin Kirista da ya rayu a ƙarni na 6. Tsakiyar ƙauyen tana bisa tudun da ya kai mita 2,042 daga doron teku, saboda haka ana lissafa shi cikin ƙauyuka mafiya tudu a nahiyar Turai waɗanda ake zaune a cikinsu duk shekara. Mutanen wurin sukan yi wa garinsu kirari da cewa a can ne zakara ke tsattsagar taurari. Faɗin ƙasar da ke ƙarƙashin ikonsa ya kusa murabba'in kilomita 45, amma mafi yawanta duwatsu ne da makiyaya da daji.

A ƙarƙashin ƙauyen akwai rafin Aigue Blanche, ma'ana farin ruwa. Ruwansa yana gangarawa ya shiga kogin Guil, shi kuma ya faɗa Durance, daga nan sai Rhône, wanda ke ƙarewa a tekun Bahar Rum. Hanyar mota da ke fitowa daga garin Guillestre, mai nisan kimanin kilomita 30, tana bi ne ta wani matsattsen kwazazzabo a gefen kogin Guil. Wahalar wannan hanya ce ta sa yankin ya daɗe a keɓe. A watan Yunin 1957 ambaliyar ruwa ta yi wa kwarurrukan Queyras mummunar ɓarna, ta lalata hanyoyi da gadoji da gidaje.

Dusar ƙanƙara takan fara sauka tun wajen watan Nuwamba, ba ta gama narkewa sai Afrilu ko Mayu. Sai dai duk da tsananin sanyin, yankin yana samun hasken rana sosai. Wannan ne ya sa magabata suka kafa ƙauyen a gefen tsaunin da ke fuskantar kudu, suka jera gidajen hawa-hawa don kada wani ya tare wa wani rana.

3.2 Tsarin Gini

Tsohon gidan Saint-Véran amsa ce ga sanyi. Ƙasansa na dutse ne, mai kaurin bango, wani ɓangarensa a nutse cikin gangaren tudu. A nan ne a da iyali ke yin hunturu a ɗaki ɗaya da shanunsu da tumakinsu, domin ɗumin jikin dabbobi yana rage bukatar itacen wuta. Samansa kuwa, wanda ake kira fuste, an yi shi ne da gumagumen itace da aka ɗora bisa juna. Nan ne rumbun hatsi da ingirici, iska na ratsa shi tana busar da abin da aka adana. Akwai wani gida da aka gina a 1641 wanda yanzu aka mayar gidan tarihi, inda baƙo zai ga wannan tsari da idonsa.

Da yake gidajen katako ne cike da busasshiyar ciyawa, babu abin tsoro kamar gobara. Don haka aka rarraba ƙauyen unguwa-unguwa, aka bar fili tsakaninsu don kada wuta ta tsallaka. Kowace unguwa tana da mashayar ruwanta da tanderun gasa burodi na tarayya. A jikin bangon gidaje da dama akwai agogon inuwa, wato zane mai tsinken ƙarfe wanda inuwarsa ke nuna lokaci. Ƙauyen yana da majami'ar Katolika da ta Furotestan, shaidar cewa mabiya ɗarikun biyu sun daɗe a wurin, duk da rigingimun addini da aka sha a ƙarni na 16 da na 17.

Auna Fahimta na 1

Kawo abubuwa uku na tsarin ginin Saint-Véran, ka bayyana matsalar da kowannensu ke magancewa.

3.3 Tsohon Tarihin Cin Gashin Kai

Mutanen wannan yanki sun saba da gudanar da al'amuransu tun kafin a kafa jamhuriya a Faransa. A 1343 al'ummomin tsaunukan da ke kewayen garin Briançon suka ƙulla yarjejeniya da mai mulkin yankin, Humbert na II. Suka biya shi kuɗi masu yawa, suka kuma ɗauki alkawarin biyan wani adadi duk shekara. Shi kuma ya sakar musu 'yancin yin taro, da zaɓen shugabanninsu, da raba wa kansu haraji. Ƙungiyoyin da suka kafa su ake kira Escartons, kuma guda biyar ne. Yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta miƙa uku daga ciki ga masarautar Savoie, biyu suka rage a Faransa har zuwa juyin juya halin 1789.

Ƙungiyar Queyras ta ƙunshi al'ummomi bakwai, Saint-Véran na cikinsu. Suna ajiye takardunsu a wani kabad mai makulli takwas a garin Ville-Vieille: kowace al'umma tana riƙe da mabuɗi ɗaya, na takwas yana hannun magatakarda. Ba a iya buɗe shi sai kowa ya hallara. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna yadda ake tsare amanar jama'a.

3.4 Matakan Mulki a Yau

Ƙaramin matakin mulki a Faransa shi ne komin. An kafa shi da dokar 14 ga Disamba, 1789, sannan dokar 5 ga Afrilu, 1884 ta daidaita tsarin majalisarsa da ikon shugabansa. A yau akwai komin kusan 35,000, kuma kimanin rabinsu mutanensu ba su kai 500 ba. Abin lura shi ne, a idon doka Saint-Véran komin ne kamar yadda birnin Bordeaux yake komin: kowannensu yana da iyaka da majalisa da kasafin kuɗi da dukiya, yana iya kai ƙara, ana iya kai shi. Don a gane yawan, sai a tuna cewa Nijeriya, wadda ta ninka Faransa yawan jama'a fiye da sau uku, ƙananan hukumomi 774 gare ta.

Matakan da ke bisa Saint-Véran su ne:

i. Haɗakar komin-komin ta Guillestrois da Queyras, wadda aka kafa a 2017. Ita ke kula da ayyukan da suka fi ƙarfin ƙauye ɗaya, kamar kwashe shara da tallata yawon buɗe ido.
ii. Ƙaramar gunduma ta Briançon, inda mataimakin wakilin gwamnati yake zaune.
iii. Gundumar Hautes-Alpes, mai hedikwata a garin Gap. Faransa tana da gundumomi 101. Gunduma ce ke kula da manyan hanyoyin karkara da tallafin marasa galihu da ƙananan makarantun sakandare.
iv. Jihar Provence-Alpes-Côte d'Azur, mai hedikwata a Marseille, ɗaya daga cikin jihohi 18. Ita ke kula da manyan makarantun sakandare da jiragen ƙasa na cikin jiha.
v. Gwamnatin ƙasa a Faris.

A kowace gunduma akwai wakilin gwamnatin ƙasa da ake kira firefe, muƙamin da Napoleon ya ƙirƙiro a 1800. A da yana da ikon hana zartar da shawarar majalisar ƙauye. Dokar rarraba iko ta 1982 ta sauya wannan: yanzu idan ya ga an saɓa doka, sai dai ya kai maganar gaban kotun da ke shari'ar hukumomi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Hausawan Jamhuriyar Nijar, domin ƙasar ta gaji kalmominsa da siffarsa daga Faransa, tana da jihohi da gundumomi da komin. An yi zaɓen majalisun komin a faɗin Nijar a 2004, kuma a 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Bambancin shi ne komin ɗaya na karkarar Nijar yakan tattara ƙauyuka masu yawa, alhali a Faransa sau da yawa ƙauye ɗaya da 'yan unguwanninsa shi ne komin.

3.5 Majalisar Ƙauye da Magajin Gari

Yawan kansiloli ya danganta da yawan jama'a. Komin da mutanensa ba su kai 100 ba yana da kansiloli 7. Daga 100 zuwa 499 yana da 11, kuma nan ne Saint-Véran ya faɗa. Daga 500 zuwa 1,499 yana da 15. Ana zaɓensu ne na shekara shida. A da, mai jefa ƙuri'a a ƙaramin ƙauye yana iya soke sunan wani ɗan takara ya sa wani. Wata doka ta 2025 ta kawar da wannan, ta tanadi cewa daga zaɓen Maris na 2026 jerin sunaye za a zaɓa, kuma dole a jera maza da mata bi-da-bi. Yana da kyau a san cewa a zaɓen komin na Afrilun 1945 ne matan Faransa suka fara jefa ƙuri'a.

Kansiloli su ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, tare da mataimakansa. Kada ɗalibi ya ɗauki magajin garin Faransa a matsayin dagaci ko mai unguwa. Ba gadon muƙamin ake yi ba, ba naɗi ake yi ba, mace ma tana riƙe shi. Sau da yawa manomi ne ko ɗan kasuwa ko wanda ya yi ritaya, alawus kawai yake karɓa, kuma akasarin kansilolin ƙananan ƙauyuka ba a biyansu komai.

Magajin gari hula biyu yake sawa. A matsayinsa na shugaban komin, shi ke shirya kasafin kuɗi, ya zartar da abin da majalisa ta yanke, ya kula da hanyoyin cikin gari da maƙabarta da ginin makarantar firamare, ya kuma tsare lafiyar jama'a. A ƙauyen tsauni wannan ya haɗa da share ƙanƙara daga hanya da rufe wuraren da ake tsoron zaftarewarta. A matsayinsa na wakilin gwamnatin ƙasa kuwa, shi ke rajistar haihuwa da mutuwa, ya tsara jerin masu zaɓe, ya kuma ɗaura aure. A dokar Faransa auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari shi kaɗai hukuma ta sani. Na wurin ibada sai bayansa. A irin waɗannan bukukuwa yakan rataya ɗamara mai launin tutar ƙasa: shuɗi da fari da ja.

Kuɗin komin yana fitowa ne daga harajin filaye da gine-gine, da kason da gwamnatin ƙasa ke bayarwa duk shekara, da abin da dukiyar komin ke kawowa, kamar hayar makiyaya da sayar da katako. Tun daga 2023 an daina karɓar harajin zama a gidan da mutum ke zaune a ciki dindindin, amma ana karɓa a kan gidajen hutu. Bisa dokar 1905 da ta raba addini da hukuma, akasarin majami'un Katolika da aka gina kafin wannan shekara mallakar komin ne.

Muryar ƙauye tana kaiwa har Faris. Wakilan majalisun komin su ne mafi rinjaye cikin masu zaɓen 'yan majalisar dattawa, kuma mai neman shugabancin ƙasa sai ya sami sa hannun zaɓaɓɓu 500, waɗanda galibinsu magadan gari ne.

Auna Fahimta na 2

Bambanta ayyukan magajin gari a matsayinsa na shugaban komin da ayyukansa a matsayin wakilin gwamnatin ƙasa.

3.6 Zaman Yau da Kullum: Jiya da Yau

Mutanen tsaunukan suna da karin magana mai nuna cewa shekararsu wata bakwai na sanyi ce da wata biyar na azaba. Azabar ita ce aikin ɗan gajeren lokacin ɗumi, domin a cikinsa ne za a yi noma, a yanki ciyawar da za ta ciyar da dabbobi duk hunturu, a tara itace. Suna noma sha'ir da dankalin Turawa da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi. Ba kullum ake gasa burodi ba. Akan gasa mai yawa a tanderun unguwa a adana shi ya bushe, sai an sare shi da wuƙa ta musamman a jiƙa a miya. Da hunturu mata na saƙa, maza na sassaƙa akwatuna da kayan gida, wasu kuma su gangara birane cin rani, ko da yake su sanyi ne ke korarsu.

Cikin masu wannan tafiya har da malaman makaranta. Yankin Briançon da Queyras ya yi suna da yawan masu iya karatu da rubutu tun kafin gwamnati ta ɗauki nauyin ilimi, domin ƙauyuka da kansu suke ɗaukar malami su biya shi ya koyar da yara da hunturu. Malamai kan je kasuwannin shekara neman aiki da gashin tsuntsu a soke a hula: ɗaya na nufin yana koyar da karatu, biyu har da lissafi, uku har da Latin. Marubuci Victor Hugo ya ambaci wannan al'ada a littafinsa Les Misérables na 1862.

A ƙarni na 19 mutanen Saint-Véran sun haura 700. Daga nan ƙaura zuwa birane da yaƙin duniya na farko suka yi ta rage su. Mahaƙar tagulla da ke saman kwarin, wadda aka fara haƙa tun dubban shekaru da suka wuce, ta rufe a 1961. Abin da ya tsayar da ƙauyen da ƙafafunsa shi ne baƙi. Da hunturu ana zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, da lokacin ɗumi kuma ana zuwa yawon tsaunuka. A 1974 aka gina cibiyar nazarin taurari a kan tsaunin Château-Renard, a tudun da ya haura mita 2,900, a 1977 kuma aka kafa gandun kare muhalli na Queyras. Yanzu mutum ɗaya yakan haɗa sana'a biyu: mai koyar da zamiya da hunturu, makiyayi ko magini ko masassaƙi da bazara.

Kiwo bai mutu ba. Daga Yuni zuwa farkon Oktoba garkunan tumaki suna hawowa makiyayan tsauni, wasu daga filayen Provence, ana kuma yin cuku da nonon shanun yankin. Sai dai tun da kyarkeci ya dawo tsaunukan Faransa daga Italiya a 1992, makiyaya sun koma kwana da shirin tsaro, da manyan karnuka da shingen lantarki.

Game da ilimi, dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 sun mayar da firamare kyauta kuma dole, ba ruwanta da koyar da addini. Tun 2019 wajibcin yana farawa daga shekara uku. Komin ke gina makaranta ya kula da ita, gwamnatin ƙasa ke biyan malami. A da malamin ƙauye shi ne sau da yawa magatakardan ofishin magajin gari. Yau ƙarancin yara yakan tilasta wa ƙauyukan tsauni haɗa azuzuwansu, malami ɗaya ya riƙe yara masu shekaru daban-daban, 'yan sakandare kuma su gangara Guillestre. Makarantar nan kuwa ita ce ta taimaka wajen ture harshen gargajiya na yankin, wani kari na harshen Occitan, har ya zama masu jinsa sosai a yau tsofaffi ne. Wannan abin tunani ne ga duk mai shirin koyar da harshen uwa.

3.7 Ƙalubale

Matsalolin da ke gaban ƙauyen a fili suke. Gidaje da yawa sun koma na hutu, a rufe mafi yawan shekara, tsadarsu kuma tana hana matasa zama. Asibiti da manyan makarantu suna da nisa. Ɗumamar yanayi tana barazana ga ƙanƙarar da kasuwar hunturu ta dogara a kanta. Akwai kuma muhawara a kan ko ƙananan komin su haɗe. Maƙwabta biyu a Queyras, Abriès da Ristolas, sun zama komin ɗaya a 2019. Masu goyon baya suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu adawa kuma suna cewa ranar da hukuma ta bar ƙauye, ranar ce mutane za su fara bin ta.

4.0 Kammalawa

Amsar tambayar da muka fara da ita ita ce, Saint-Véran ya rayu ne saboda abu biyu. Na farko, mutanensa sun san ƙasarsu, sun daidaita gini da sana'a da ita, kuma da wata hanyar abinci ta toshe sai suka buɗe wata. Na biyu, suna da hukuma tasu a cikin garinsu, wadda suke zaɓa da hannunsu, suke kuma iya tarar shugabanta a bakin hanya su yi masa ƙorafi. Wannan bai kawar da ƙaura ko tsufan jama'a ba, amma ya ba su bakin magana a kan makomarsu.

5.0 Taƙaitawa

A wannan darasi an ga matsayin Saint-Véran a tsaunukan Alfas, da tsarin gidajensa, da tarihin Escartons, da matakan mulki daga komin zuwa gwamnatin ƙasa, da ayyukan magajin gari, da sauyin rayuwa daga noma zuwa karɓar baƙi. An kuma ga cewa mai bayanin wuri yana farawa ne da ƙasa, sannan mulki, sannan rayuwa, yana nuna yadda kowanne ya haifi na gaba da shi.

6.0 Jinga

1. Tattauna yadda sanyi ya tsara rayuwar mutanen Saint-Véran a da da kuma yanzu.
2. Wane darasi kabad mai makulli takwas yake koyarwa game da riƙon dukiyar jama'a?
3. Rubuta bayanin ƙauyenku ko wani da ka sani, cikin kalmomin da ba su wuce 500 ba, ka bi tsarin ƙasa da mulki da rayuwa.
4. Shirya darasin minti 40 da za ka koyar da irin wannan rubutu ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.